Mai Alƙalami Takwas

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu ma mu cika da kyau. Mutumin da za a ba da labarinsa bai taɓa fitowa a jarida ba, bai kuma gina wani abin da za a nuna da yatsa ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana shiga bas ɗaya, yana sauka a mahaɗa ɗaya, ya hau bene hawa na uku, ya zauna a teburin kusa da taga, wanda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga wa ruwa a kusurwa. A wurin aiki Mai Launi suke ce masa, saboda alƙaluma takwas da ke jere a aljihun rigarsa, kowanne da kalarsa. A gida ba a cika kiransa ba, don inda ka bar shi nan za ka same shi.

Ubansa mai gyaran sikeli ne, mutumin da ba ya yin abu sau biyu, ba ya kuma faɗin magana sau biyu. Ɗan ya gaje shi har ya ɗara. Sai da ya shekara uku bai ce uffan ba, uwarsa ta ɗauke shi sai asibiti. Likita ya duba kunne, ya duba harshe, ya ce lafiyarsa ƙalau, bai dai ga abin faɗa ba ne tukuna. A makaranta malamai ba sa tunawa da shi sai ranar da sakamako ya fito. Da ya isa aure ya je gidan su yarinyar, ya zauna awa guda a ɗakin baƙi, ya sha ruwa, ya ce "To", ya tashi. Yayar yarinyar ta ce, "Wannan kurma kika samo mana?" Yarinyar ta ce ita dai ta ji abin da ya faɗa. Aka ɗaura, Allah Ya ba su 'ya'ya uku.

Abu ɗaya ne ke sa shi buɗe baki ba a tambaye shi ba, shi ne ya ga ana juye abu daga wannan mazubi zuwa wancan ba dalili. Wata safiya ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon matarsa.

"Daga tukunya zuwa fulas, daga fulas zuwa kofi. Ai aiki biyu ke nan."

"Malam, tukunyar nake so, zan ɗora wani abu."

"To."

Bayan kwana uku sai ga shi da sabuwar tukunya. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta nuna masa cewa murhun kai biyu gare shi, kuma ɗayan ruwan wankan yara ne a kai. Ya tsaya yana duban murhun kamar ranar aka kawo shi. Tukunyar tana nan a saman kabad da takardarta.

Kamfaninsu yana ƙera 'yar na'urar nan da masu ƙarancin ji ke sawa a kunne. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa da ba ta kai ƙwayar wake ba. Wasu ma'aikata ne ke rubuta mata umarni da yaren da mutum zai iya karantawa, sai wata manhaja ta mayar da shi yaren inji. Wannan manhajar tafinta suke kiranta a ofis, kuma lungu ɗaya na tafintan shi ne aikin Mai Launi.

Ƙwaƙwalwar tana da gurbi takwas kacal a kusa da hannunta, inda take riƙe lambobin da take aiki da su. Lambar da ta rasa gurbi sai a kai ta sito, can nesa, kuma zuwa sito da dawowa yana cin lokaci. Lambobin kuwa ɗaruruwa ne. Biyu suna iya yin karɓa-karɓa da gurbi ɗaya, muddin ba a buƙace su lokaci guda ba. Saboda haka tafinta yakan ɗauki kowace lamba kamar da'ira, ya ja layi tsakanin duk biyun da lokacinsu ya zo ɗaya, sannan ya raba musu kala takwas, da sharaɗin kada biyu masu layi tsakaninsu su sami kala ɗaya. Kowace kala gurbi ce. Da'irar da ta rasa kala, sito.

Sau ɗaya ya taɓa yi wa matarsa wannan bayani, a bayan takardar magani. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato baƙi ɗari, kujera takwas, kuma wasu ba sa ga maciji da juna."

"Ba gaba suke yi ba. Lokacinsu ne ya zo ɗaya."

"Ai ita ce gabar, Malam."

Inda zuciyarsa take shi ne wajen juye. Sau da yawa umarni yakan ce a kwashe wannan lamba a zuba a waccan. In babu layi tsakanin biyun, ana iya haɗe su su zama da'ira guda, gurbi guda, juyen ya ɓace. Duk juyen da ya ɓace, Mai Launi yakan ji kamar an cire masa ƙaya. Sai dai haɗewar tana da sharri. Da'irar da aka haɗa takan gaji layukan wannan ta gaji na waccan, kamar mutum ya auri mace da rigimar danginta duka. Don haka akwai ƙa'ida da masu wannan sana'a suka sani: kafin ka haɗe biyu, ƙirga maƙwabtansu masu yawan layi, in sun kai takwas ka ƙyale su, juyen ya zauna. Ya rubuta ƙa'idar a ɗan kati ya manna a gefen allon kwamfutarsa. Shekara goma sha biyu yana bin ta, har katin ya koɗe.

A shekara ta goma sha uku aka kawo sabon Manaja. Matashi ne mai fara'a, yana gaishe da masu shara, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Lalurarsa ɗaya ce, yana son ganin lamba a bango. Ya kafa farin allo a tsakiyar ofis, ya ce kowa ya kawo lamba ɗaya da za ta nuna aikinsa. Mai Launi ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya kawo yawan juyen da ya rage a umarnin na'urar: ɗari huɗu da goma sha biyu. Manaja ya rubuta da manyan baƙi.

Bayan mako biyu ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, akwai wani tafinta na waje da aka kawo mana talla. Nasu juye casa'in kawai yake bari."

"To."

"Ƙarshen wata za mu gwada. In naka bai kamo shi ba, za mu ɗauki nasu. Amma kada ka damu ko kaɗan, kamfanin nan ba ya wulaƙanta tsofaffin ma'aikata. Akwai wuri a ƙasa, sashen amsa wayar masu saye. Takwas zuwa huɗu, ga kujera mai juyawa."

Mai Launi ya dubi bakin Manaja ko zai ga alamar wasa. Babu.

Da ya faɗa a gida, matarsa ta yi dariya har sai da ta nemi wuri ta zauna.

"Kai? Waya? Ranar da na haifi Auta na kira ka daga asibiti, ka ce 'Madalla' ka kashe."

"Na ji abin da kika kira ki faɗa."

"Ba ka tambayi mace ce ko namiji ba."

"Ai ina tafe."

Ta share hawayen dariya, ta dube shi da kyau, sai ta daina. Ta ga bai taɓa abincinsa ba. Mutumin da ko gaisuwar maƙwabta sai ya shirya mata tun daga bakin titi, a ce ya wuni da abu a kunne yana magana da mutanen da bai sani ba, har ranar da zai bar aiki. Kwanakin nan yakan daɗe a kan sallaya bayan la'asar.

Ranar Litinin ya ɓamɓare katin daga gefen allo, ya sa a aljihun tebur, ya rufe. Ya shiga cikin tafinta ya kashe ƙa'idar. Duk biyun da ba layi tsakaninsu, a haɗe, ba ƙirga, ba tambaya. Ya tura umarnin na'urar ya jira. Lamba ta fito: talatin da bakwai.

Ya sake turawa, talatin da bakwai. Ya gwada a ƙananan umarnin da suke gwaji da su kullum, duk suka wuce, wasu har sun fi da sauri. Manaja da kansa ya goge tsohuwar lambar, ya rubuta sabuwa, ya zagaye ta, ya aika aka sayo biskit. Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan mamaci ne: Mai Launi ya ji daɗi. Ya san ƙa'idar, shi ya rubuta ta da hannunsa, amma juye ɗari uku da saba'in da biyar sun ɓace a yini ɗaya, kuma shekara goma sha biyu yana kallon su kamar ƙuda a miya. Ranar ya koma gida da lemo leda guda, har ya tambayi Auta yaya makaranta. Yarinyar ta je ta tambayi uwarta ko Baba lafiya.

Akwai wata mata a kamfanin, Mai Gwaji, da ke zaune a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso don kada ƙara ta shiga. Ita ba ruwanta da allo, da kunne take aiki, kuma bakinta ba ya da linzami. Ranar Talata da safe, saura kwana biyu gwaji, ta leƙo ta yafito shi.

"Baba, zo ka ji aikinka."

Ta zaunar da shi, ta sa masa na'ura a kunne, ta kunna muryar wata mata tana karanta labarin yanayi. Muryar ta fito tas. Can sai ya ji ƙas. Aka ɗan jima, ƙas.

Ya san ma'anarsa. Sauti yana shigowa na'urar ne gutsure-gutsure, kuma dole ƙwaƙwalwar ta gama da wannan gutsure kafin na bayansa ya iso. In ta makara, gutsure ɗaya ya faɗi, mai kunne ya ji ƙas.

"Batir ne?"

"Na canza."

"Ko waya ce ta saki?"

"Baba, shekarata tara a ɗakin nan, na san kukan waya. Na ɗora aikinka na wancan watan, shiru kamar kai. Na ɗora na biskit, ga shi kana ji."

Ya cire na'urar ya riƙe a tafin hannu.

"Kin faɗa wa Manaja?"

"Daga nan zuwa la'asar ni kurma ce. Bayan la'asar kunnena zai buɗe, kuma ka san bakina yana bin sa."

Ya koma teburinsa. Ya buga zuciyar umarnin a takarda, ɗan guntun da ƙwaƙwalwar ke maimaitawa sau dubbai a daƙiƙa. Ya ture kwanon da ke tarar ɗigar ruwa, ya shimfiɗa babbar takarda, ya shiga zana da'irori da hannu yana jan layuka, abin da ya rabu da yi tun yana sabon ma'aikaci. Sannan ya zaro alƙaluman. Ja, kore, shuɗi, haka har takwas, yana bi yana shafawa. Kafin azahar duk sun sami kala sai guda ɗaya a tsakiya. Lambobi biyar ne aka haɗe a cikinta, layi goma sha uku ya fita daga jikinta, kuma duk kalar da ya ɗaga sai ya ga wata maƙwabciya ta riga ta sa. Ya zauna da alƙaluma takwas a hannu, ba wanda zai iya sawa.

Ita ce tafinta ya kai sito, kuma ita ce lambar da aka fi nema a duk umarnin. Kowane zagaye sai an je an ɗauko ta an mayar. Juye huɗu marasa nauyi ya kashe a wurin, ya sayo tafiyar sito sau dubbai. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya gan ta tun kafin ya rufe alƙalamin ƙarshe. Ya raba wannan da'irar guda da hannu, ya bar sauran yadda suke. Lambar bango ta zama arba'in da ɗaya, ƙas ya ɓace, Mai Gwaji ta ji shiru, shi ya zauna a hawa na uku. Sai dai gobe wani zai ƙara layi biyu a umarnin, wata da'irar ta kumbura a inda ba wanda ya zana, kuma wannan karon ba a ɗakin soso za a ji ba. A kunnen wani tsoho za a ji, shi kuma zai ɗauka kunnen ne ya ƙara lalacewa, ya yi shiru ya ce ƙaddara.

Ya sauka ya yi azahar. Da ya dawo ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko katin. Gam ɗinsa ya mutu, sai ya jingine shi da kofi. Ya mayar da ƙa'idar, ya tura umarnin. Ɗari huɗu da goma sha biyu, ko ɗaya bai ragu ba.

Ya naɗe babbar takardar ya nufi ofishin Manaja. A nan ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. Sakatariya ta ce ta kai minti huɗu.

"Yallaɓai, lambar nan ta bango ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Na san ƙa'ida na take. Tsoron sashen waya ne." Ya shimfiɗa takardar, ya nuna da'irar da ba kala, ya faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe.

Manaja ya dafe kai. "Malam, na riga na faɗa wa na sama talatin da bakwai. Da bakina. Har tafi aka yi."

"Allah Ya ba da haƙuri."

"Yanzu nawa ne?"

Ya faɗa.

"To ai na waje ya ci ke nan. Casa'in da ɗari huɗu, ko ɗan firamare ya san wanda ya fi."

Mai Launi ya naɗe takardarsa. Sannan ya ce, "Yallaɓai, na wajen, an taɓa sa shi a kunne?"

Ba a taɓa ba. A takardar talla aka ga casa'in ɗin.

Ranar Alhamis Mai Gwaji ta jera na'ura uku a tire, ta ari alƙaluma uku daga aljihunsa ba tare da ta tambaya ba, ta ɗiga wa kowace kala don kada a san wace ce wace. Manaja da mutum biyu daga sama suka shiga ɗakin soso, suka saurari labarin yanayi sau uku. Mai jan ɗigo ta yi ƙas, ɗaya daga cikin manyan har ya zabura. Ita ce ta talatin da bakwai. Sauran biyun duk shiru. Da aka auna, na waje yana gama kowane gutsure da ɗan rarar lokaci, na Mai Launi mai juye ɗari huɗu yana gamawa da rarar da ta ɗara wannan kaɗan. Ba tazarar da za a yi guɗa a kanta ba ce, amma ta isa a ce babu dalilin canji.

"To wace lamba zan rubuta?" in ji Manaja.

"Rubuta 'shiru', Yallaɓai," in ji Mai Gwaji. "Ko ka ba ni allon, ina neman abin tare taga."

Aka bar tafintan, aka bar Mai Launi a teburinsa. Sai dai takardar sashen waya ta riga ta hau sama tun farkon wata, an sa hannu, an buga hatimi, kuma takardar da aka buga wa hatimi ba ta mutuwa gaba ɗaya. Bayan kai da kawo aka daidaita a kan ranar Laraba, daga takwas zuwa sha biyu. Manaja ya kawo masa labarin yana murmushi kamar ya kawo goron albishir. Mai Launi ya ce, "To."

Shekara goma sha huɗu ya yi yana sauka ƙasa duk Laraba. A sauran kwanakin ya koya wa tafinta wata dabara, ya gwada haɗewa, in kala ta ƙare ya warware abin da ya haɗa. Juyen ya sauko zuwa ɗari biyu da wani abu, kuma ba wanda ya tambaya, don an daɗe da ɗauke allon. Wayar kuwa bai taɓa sabawa da ita ba. Duk ranar Talata abincinsa rabi yake ci, matarsa ta daina yi masa magana a kai, ta koma rage abin da take zubawa.

Masu kiran yawanci tsofaffi ne da ba sa ji sosai. Sukan ɗaga murya, su fara da batun batir, su gangara kan ciwon gwiwa, da ɗan da ya yi nisa ba ya kira, da maƙwabcin da ya sare musu bishiya. Sauran ma'aikata sukan katse su a minti biyu. Shi bai san yadda ake katse mutum ba. Yakan ce "Na'am", can an jima ya ce "Allah Ya sawwaƙe", in sun gaji ya ce su buɗe murfin su juya batirin. Sannu a hankali aka fara kira ana cewa a ba su na Laraba. In aka ce yau Litinin ce, sai su ce za su jira.

Ciwon da ya ɗauke shi bai kai mako biyu ba. Ya cika da rana, da kalmar shahada a bakinsa, wadda matarsa ta ce ya faɗa a fili ba sai an matso ba. Larabar da ta biyo baya wata tsohuwa ta kira ta nemi na Laraba. Wanda ya ɗauka ya faɗa mata, sai da ya maimaita sau uku kafin ta ji. Ta yi salati, sannan ta ce, "Allah Ya jiƙansa. Mutum mai daɗin hira."